Baƙin Kaka Masu Baƙar Hula

A layinmu na nan garin Karakol akwai wata yarinya 'yar shekara goma. Ba zan faɗi sunanta ba. Ta ce in na faɗa ba za ta ƙara gaishe ni ba, kuma na san za ta aikata. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu, don haka na san halinta tun tana rarrafe.

Yarinya ce mai zuciya. In ta sa abu a gaba, sai ta ga ƙarshensa. Aibinta ɗaya ne, ba ta son tambaya. A ganinta, wanda ya yi tambaya ya tona asirin kansa cewa bai sani ba. Ita kuwa gwamma ta yi ta lalube da a ce ba ta iya ba.

Kakanta, tsoho Toktosun, mutum ne mai son tsuntsaye. Akwai bishiyar tuffa a tsakar gidansu. A jikinta ya rataya wata 'yar rumfar katako da ya ƙera da hannunsa. Da zarar dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa, kowace safiya sai ya fita ya zuba gero da 'ya'yan kabewa a rumfar. Ya kuma ɗaura guntun kitse a reshe. Shekara goma sha ɗaya yana wannan aiki, bai taɓa tsallake rana ɗaya ba.

Tsuntsayen sun san shi. Gwara kan zo. Wasu masu jan ƙirji kan leƙo jefi-jefi. Amma 'yan gaban goshinsa su ne wasu ƙanana masu rawayan ciki da baƙin kai. Yana ce musu masu baƙar hula. Su ne masu son kitse. Sukan maƙale a jikinsa, kai a ƙasa, suna caccaka.

A wannan shekarar, sanyi bai daɗe da shigowa ba, tsohon ya zame a kan ƙanƙara a bakin ƙofa. Ƙashin ƙugunsa ya karye. Likita ya ce sai ya kwanta wata biyu. Da aka dawo da shi daga asibiti, abu ɗaya ya roƙa, a matsar da gadonsa kusa da taga.

Sai ya sa aka kira masa jikarsa.

"Zo nan, 'yar raƙumata," in ji shi. Haka yake kiranta tun tana jaririya. "Kin ga baƙina can?"

"Na gan su, Kaka."

"Sun saba da gidan nan. Sun bar neman abinci a wani wuri don sun san akwai a nan. Cilde kuma tana tafe. In suka zo ba su samu ba, ni na yaudare su."

Cilde ita ce kwana arba'in ɗin nan na tsakiyar sanyi, lokacin da ko numfashi sai ya daskare a gashin baki.

"Ni zan riƙa ba su," in ji yarinyar.

"Ga gwangwanin gero a bayan ƙofa. Kitsensu yana cikin farin ƙyalle a ɗakin ajiya. Shi kaɗai za ki riƙa yanka musu. Kin san dalili?"

"Na sani mana, Kaka," in ji ta da sauri.

Ba ta sani ba. Amma ta riga ta ja takalmanta, ta yi waje.

Ta fara aiki da kyau, wannan kam zan shaide ta. Kullum kafin ta tafi makaranta sai na hango ta ta tagarmu, ta taka kujera tana zuba gero. Tsohon yana kwance yana ƙirga baƙinsa. Da ta dawo zai ba ta labari.

"Yau masu baƙar hula goma sha huɗu ne. Akwai wani mai guntun bindi, mafaɗaci ne. Shi kaɗai ya kori gwara uku."

Idan yana wannan labari, sai ya manta da ciwon ƙugu. Ya sha shayinsa, ya cinye abincinsa, har ya nemi ƙari.

Bayan mako biyu, kitsen cikin farin ƙyalle ya ƙare.

Yarinyar ta tsaya a ɗakin ajiya, ƙyalle a hannu. Ta ɗaga kai. Ga naman sanyi nan a rataye, wanda aka yanka aka shafe da gishiri don ya kai gidan har bazara. Kitse a jikinsa fari tas, ya ninka na Kaka kyau.

Sai ta tuna da wata rana da suka yi baƙi. Ta ajiye musu burodin jiya, innarta Salkin ta ja ta gefe ta murɗe mata kunne.

"Ba a ba baƙo saura," in ji innar a ranar. "Abin da ya fi daɗi a gida shi ake sauko masa da shi."

"To," in ji yarinyar a ranta, "ai Kaka da bakinsa ya ce baƙinsa ne. Kitsen da yake ba su ko gishiri babu, lami ne. Ni zan nuna musu yadda ake karɓar baƙi a gidanmu."

Ta ɗauki wuƙa ta yanko babban yanki. Ba ta tsaya nan ba. Ta ɗebo kurut, busasshen cukun nan namu mai gishiri, ta daka shi ta gauraya da gero. Ta kai wa tsuntsaye tana murmushi, tana jin ta yi abin kirki.

Ɗakin Kaka taku goma ne daga ɗakin ajiya. Da ta leƙa ta yi tambaya ɗaya, da ba a yi wannan labari ba.

Tsuntsu mai jin yunwa ba ya zaɓe. Suka yi ta ci, kwana uku. Daga taga tsohon yana ganin farin abu a reshe, ya ɗauka kitsensa ne.

A safiya ta huɗu, yarinyar ta fito da gwangwani. Bishiyar shiru. A gindinta, a kan dusar ƙanƙara, ta ga wani ɗan abu mai rawaya. Ta sunkuya. Mai baƙar hula ne, ƙafafunsa a dunƙule, ya sandare. Kusa da katanga ta ga na biyu. Shi ne mai guntun bindi.

Ta waiga taga. Gilashin ya yi farin ƙanƙara, Kaka bai share shi ba tukuna. Ta tattara tsuntsayen ta cusa a aljihun rigar sanyinta. Ta tsinke kitsen, ta share rumfar tas, ta zubar a kwandon shara.

Ranar ba ta zuba komai ba. Washegari ma haka, da jibi. Tsoro take ji. Gani take duk abin da hannunta ya taɓa zai kashe su. Takan fita da gwangwani don a gan ta, ta tsaya a jikin bishiya, ta dawo da shi yadda yake.

Sauran tsuntsayen suka zo, suka duba rumfa, suka tarar wayam. Suka sake zuwa, wayam. A rana ta uku ba wanda ya zo.

"'Yar raƙumata, ina baƙina?" in ji tsohon.

"Wataƙila sanyi ne ya hana su, Kaka."

"Sanyi ai shi yake kawo su."

Ya daɗe yana kallon bishiyar. Daga nan ya juya fuskarsa bango. Da rana aka kawo masa miyar taliya, ya sha cokali biyu ya ture.

Inna Salkin ta shigo gidanmu aron rariya, idonta ja.

"Tsohon nan ya daina cin abinci," ta ce mini. "Wai tsuntsayensa sun san ba zai tashi ba, shi ya sa suka yi ƙaura. Likita kuma ya ce in ba ya ci, ƙashin ba zai haɗe ba. Ni na rasa yadda zan yi."

Yarinyar tana bakin ƙofa, ta biyo innarta. Na ga ta ji komai. Ta juya ta fita.

Washegari a makaranta, da aka tashi tara, ba ta bi 'yan ajinsu waje ba. Ta je gaban teburin malamarsu, Malama Burul. Ta tsaya tana murza hularta.

"Lafiya?" in ji malamar.

"Malama, ina da tambaya."

Malama Burul ta cire tabarau ta dube ta. Shekara huɗu tana koyar da ita, ba ta taɓa jin wannan magana daga bakinta ba.

"Ina jin ki."

"Me yake kashe ƙananan tsuntsaye alhali sun ƙoshi?"

"Me suka ci?"

Yarinyar ta faɗa mata duka, ba ta rage komai ba. Kitsen naman sanyi, da kurut, da kwana ukun da ta bar rumfa ba abinci.

Malamar ba ta yi mata tsawa ba. Ta ɗauko guntun alli ta ɗora mata a tafin hannu.

"Kin ji nauyin wannan? Tsuntsun da kike magana bai fi shi nauyi da yawa ba. In kika ci kurut uku, me kike nema?"

"Ruwa."

"Ke kina da buta a kan murhu. Shi ina zai sami ruwa? Rafi ya daskare, kwata ta daskare. Sai dai ya ci dusar ƙanƙara, ita kuma ta sanyaya masa ciki. Gishirin da yake sa miki abinci daɗi, a ɗan jikinsa guba ne."

"Ni karrama su na yi niyya, Malama."

"Na sani. Amma baƙo ma sai an san abin da cikinsa yake ɗauka."

Hawaye suka zubo wa yarinyar. Ta goge da bayan hannu, ta ɗaga kai.

"Sauran za su dawo?"

"Ban sani ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Sun tafi neman wani wuri. Wasu za su samu, wasu ba za su samu ba. In kina so su dawo, sai sun riƙa ganin abinci a wurin kullum, a lokaci ɗaya, ko da ba wanda ya ci. Ki wanke rumfar da ruwan zafi. Ki nemi kitsen da gishiri bai taɓa ba. Ki ajiye ɗan ruwa mai ɗumi a faranti marar zurfi. Amma kafin wannan duka akwai aikin da ya fi su wuya."

"Wane?"

"Kakanki yana zaton laifinsa ne."

Da ta koma gida ko jakarta ba ta ajiye ba. Ta wuce ɗakin tsohon. Yana kwance, fuska a bango.

"Kaka, ba ƙaura suka yi don kai ba. Ni ce."

Bai motsa ba. Ta faɗa masa komai, tana tsaye. Ko mutuwar mai guntun bindi ba ta ɓoye masa ba.

Tsohon ya yi magana yana fuskantar bango.

"Na tambaye ki ko kin san dalili," in ji shi a hankali. "Kika ce kin sani."

"Ƙarya na yi, Kaka. Ka yafe mini."

"Ni na yafe. Ke yarinya ce. Amma sun tafi, 'yar raƙumata. Tsuntsu ba ya jin ban haƙuri."

"Zan dawo da su."

"Cilde jibi za ta shiga."

"Ko ta shiga yau, zan dawo da su."

Ya ja bargo ya rufe kafaɗarsa.

Inna Salkin ta ji komai daga ɗakin girki. Ta yi faɗa sosai a kan naman da aka yanka ba izini. Da ta gama, ta ɗora tukunyar ruwa a wuta. Yarinyar ta sauko da rumfa, ta goge ta da ruwan zafi har sau uku. Yatsunta suka yi jawur.

Saura kitse. A gidansu duk an sa masa gishiri. Ta bi gida huɗu a layinmu, ko'ina labarin ɗaya ne. Wa zai bar kitse ba gishiri a tsakiyar sanyi?

Mu ne muka makara a wannan shekarar. Maigidana Kadirbek bai yanka saniyarmu ba sai a wannan makon. Yana tsakar gida yana rarraba nama, ni ina riƙe da kwanon gishiri, sai ga ta ta faɗo kamar an jefo ta.

"Baba Kadirbek, ku tsaya. Kada ku sa gishiri tukuna."

Maigidana mutum ne mai tsokana. Ya miƙe yana share hannu.

"A'a, ga mai masaukin baƙi. Na ji labarin walimar da kika yi. Yau kuma su wa za a karrama?"

Na zungure shi da gwiwar hannu. Yarinyar ta sunkuyar da kai, amma ba ta gudu ba.

"Na yi kuskure, Baba. Gyara nake so in yi. Kitse nake roƙo, wanda ba a taɓa ba."

"Kitsen saniyata za ki ba tsuntsu? Ni me tsuntsu ya taɓa ba ni?"

"Kaka ya ce su suke cinye tsutsar tuffa da bazara. Ai bishiyarku ma suna zuwa."

Kadirbek ya yi dariya har hularsa ta karkace.

"Kin ji 'yar nan? Ta zo roƙo, ta kawo hujja." Ya yanko mata kitse mai yawa, ya naɗe a takarda. "Ungo. Amma in ba su dawo ba, ki kawo mini abina in soya."

"Za su dawo," in ji ta.

Cilde ta shiga da ƙarfinta. Da safe ƙofa sai an buga ta da kafaɗa take buɗewa. Yarinyar ta fito da gero da kitse da farantin ruwa. Ta jera komai, ta tafi makaranta. Da ta dawo, geron yana nan yadda ta bar shi. Ruwan ya zama dutse.

Rana ta biyu haka. Rana ta uku haka.

Yayanta Ermek, ɗan shekara goma sha huɗu, ya same ta tana fasa ƙanƙarar faranti da cokali.

"Wa kike wa hidima? Iska?" in ji shi. "Ai labarinki ya zaga duk tsuntsayen Karakol. Sun ce gidan nan ko kyauta ba sa ci."

"Ka matsa, Yaya, kana tare mini hanya."

"Ki haƙura kawai. Aikin banza kike yi."

"Hannunka ne yake daskarewa ko nawa?"

Ermek ya taɓe baki ya wuce.

A rana ta huɗu ta koma wurin Malama Burul. Yanzu tambaya ta daina yi mata nauyi.

"Malama, ko akwai abin da nake yi ba daidai ba?"

"Ina kika ɗaura kitsen?"

"A cikin rumfa."

"Mai wucewa ta sama ba zai gan shi ba, rufi ya ɓoye shi. Ki ɗaura a reshen da ya fi fitowa fili. Kuna da kyanwa?"

"Ta maƙwabta takan kwanta a kan katanga."

Kyanwata ce, ba zan ɓoye ba. Da yamma yarinyar ta zo ta roƙe ni, cikin ladabi, in riƙa kulle ta da safe. Na kulle ta. Ta yi ta kuka a ɗakin girki tana hararata, amma na toshe kunnena.

Duk wannan lokaci tsohon yana nan yadda yake. Shayi kaɗan, burodi ɗan gutsure. Fuskarsa ta faɗa. Kullum da safe yarinyar takan leƙa ɗakinsa.

"Kaka, na zuba musu."

"Madalla," yake cewa, ba tare da ya juyo ba.

Wannan madalla ta fi duka ciwo. Ita da kanta ta gaya mini haka daga baya.

A rana ta shida aka wayi gari dusar ƙanƙara ta zubo har gwiwar babba. Hanyar bishiya ta toshe. Inna Salkin ta leƙa waje ta girgiza kai.

"Yau kam ki bari. Ko makaranta an ce ba kowa."

"Inna, in yau ce ranar da za su zo fa?"

Innar ta dube ta, ta dubi ƙofar ɗakin tsohon. Ta ɗauko gyalenta na ulu ta naɗe mata wuya.

"In yatsunki suka daina jin zafi, ki shigo nan da nan. Kin ji ko?"

Yarinyar ta ɗauki shebur da ya kusa fin ta tsawo. Ta fara haƙa hanya. Ta kwashe, ta jefar. Ta kwashe, ta jefar. Ta yi rabi, numfashinta ya fara sarƙewa. Sai ta ji ƙarar wani shebur a bayanta. Ermek ne.

"Ba don tsuntsayenki nake yi ba," in ji shi. "Kada ki faɗi ne a ce ni zan ɗauko ki."

Suka kai bishiya. Ta kakkaɓe rumfa, ta zuba sabon gero. Ranar ma ba wanda ya zo.

Rana ta bakwai ta ga sawun ƙafa ƙanana a kan rufin rumfa. Ta duba geron, kamar an taɓa, kamar ba a taɓa ba. Ba ta gaya wa kowa ba, don kada ta sa wa Kaka rai a banza. Rana ta takwas shiru.

Rana ta tara gari ya yi garau, sanyi kuma kamar ya tsaga fata. Ta taka kujera, ta zuba gero, ta ajiye ruwa yana tururi. Tana cikin ɗaura sabon kitse, yatsunta suka ƙi lanƙwasuwa. Zaren ya kuɓuce sau biyu. Ta cire safar hannu da haƙori, ta sake kamawa.

Sai ta ji wani ɗan siririn kuka a saman kanta.

Ba ta ɗaga kai ba. Ta tsaya cak, hannunta a kan reshe. Wani abu ya yi fir, ya sauka a reshen, tazarar taku ɗaya da fuskarta. Rawayan ciki, baƙar hula. Ya karkata kai ya dube ta da ido ɗaya. Ya yi tsalle, ya maƙale a kitsen, ya fara caccaka.

Sai ga na biyu. Sai ga na uku ya sauka a bakin faranti, ya tsoma baki, ya ɗaga kai sama yana haɗiya.

Tana so ta kira Kaka, amma in ta buɗe baki za su tashi. Hannunta yana zogi, ba ta sauke shi ba. A hankali ta juya idonta wajen taga.

An share gilashin. Tsohon yana zaune. Mutumin da ya yi kwana da kwanaki bai ɗaga kai daga matashi ba, ya dafa bakin taga da hannu biyu, ya manna goshinsa a gilashi. Leɓɓansa suna motsi. Ƙirga yake yi.

Sai da tsuntsayen suka koma saman bishiya ta sauko, ta ruga ciki.

"Kaka, ka gan su?"

"Biyar," in ji shi. "Biyu suna bayan rumfa, ke ba ki gan su ba. Kawo hannunki."

Ya kama yatsunta masu sanyi ya cusa cikin tafukansa yana murzawa.

"Kina zaton bango nake kallo kullum? Da kin fita nake juyowa. Na ga ranar shebur. Na ce a raina, ko tsuntsu bai dawo ba, wannan yarinya ta biya." Ya ɗaga murya. "Salkin, wai a gidan nan an daina ba marar lafiya abinci ne?"

Inna Salkin ta zo da gudu, ludayi a hannu. Ta ga tsohon a zaune, ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka. Ranar ya cinye kwano guda na miya, ya sa aka ƙaro burodi.

Kafin mako ya zagayo, masu baƙar hula sun kai tara. Gwara suka dawo da surutunsu. Cilde ta yi kwana arba'in ɗinta ta wuce, rumfar ba ta ƙara kwana ba abinci ba. Ƙashin tsohon ya haɗe. Ranar da ya fara takawa da sanda, jikarsa ce ta riƙe masa hannu har gindin bishiya.

Biyun da suka mutu ba su dawo ba, kuma yarinyar ba ta manta da su ba. Malama Burul ta sa ta tsaya a gaban aji ta ba da labarin. Ta bayar, ba ta ɓoye laifinta ba. Da ta gama, malamar ta tambaye ta abin da ta koya.

"Niyya mai kyau ba ta isa ba, sai an haɗa da sani," in ji ta. "In ba ka sani ba, ka tambaya, ba abin kunya ba ne. In kuma ka ɓata, kada ka ɓoye. Ka faɗa, ka tsaya ka gyara, ko zai ɗauke ka kwana nawa."